Injin da Tanwir Kiyani Ya Haɗa da Hannunsa

A duk layin masu yadi na Rawalpindi babu wanda bai san Tanwir Kiyani da zargi ba. Mutum ne da in ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihunsa. Amma cikin bayin Allah kaf, babu waɗanda ya tsana irin makanikai. A wajensa duk mai riƙe sifana ɓarawo ne, musamman tsohon makanikin nan Ustaz Lal Din na bakin gada, wanda Tanwir ya rantse ya taɓa cire masa sabon fulogi ya maye da tsoho. Shaida kuwa babu, ransa ne kawai ya ba shi.

Shi ya sa da sha'awar tseren motoci ta kama shi, da furfurarsa da komai, ya ce shi zai haɗa injin gudu ya sa wa tsohuwar motarsa, alhali ko taya bai taɓa canzawa ba. Ya sayo fistin a wannan shago, ringi a wancan, don kada masu shagunan su haɗa baki. Ya kulle kansa a garejin gida yana koyo a waya. In masu koyarwa biyu suka saɓa, ya ce ɗaya maƙaryaci ne. In bakinsu ya zo ɗaya, ya ce ai dama sun san juna. Matarsa Shagufta a bakin ƙofa take ajiye masa gurasar roti da shayi, don ya ce garin da ke hannunta zai iya faɗawa cikin inji.

A gaskiya ya yi ƙoƙari, inji ya haɗu tsaf, an ɗora shi a mota. A nan ne tsoro ya kama shi. Tsawon rayuwarsa, in abu ya ɓaci akwai wanda zai nuna wa yatsa, wannan karon kuwa shi kaɗai ya taɓa injin. Sai zargin ya rasa inda zai sauka, ya dawo kan mai shi. Anya ya ɗaure notin can na ƙasa? Ya kwance, ya tarar a ɗaure, ya mayar, ya koma tunanin ko wajen mayarwar ya bar wani. Damina ta zo ta wuce bai murza makulli ba.

Daga ƙarshe dabara ta zo masa. Ya sayo kwalin laddu, alawar da ake rabawa ranar murna, ya aika a kira Ustaz Lal Din, wai ya zo ya sa albarka. Tsohon ya zo, ya zagaya motar, hannayensa biyu a baya.

"Ustaz ji, ɗan taɓa notin nan kawai, sai ka yi bismilla ka tayar mana."

"Ni ɓarawon fulogi, Kiyani sahib? A'a. A sana'ar nan wanda ya ɗaure shi ke tayarwa. Ni laddu na zo ci."

Maƙwabta sun cika ƙofa, babu hanyar gudu. Tanwir ya shiga motar gumi na zuba, ya murza. Injin ya yi tari, ya kama, ya ɗauki ruri har tattabarun soro suka tashi. Shagufta ta share hawaye da mayafinta. Ustaz ya kara kunne ya daɗe yana saurare, sannan ya ce lafiya lau, shi kansa ba zai haɗa wanda ya fi wannan ba.

Farin ciki ya cika Tanwir, har ya buɗe baki zai yi godiya. Sai ya dubi fuskar tsohon. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ɓata wa suna, yau shi ne zai yabe shi haka kawai? Lallai ya ji wata ƙara a ciki ya ɓoye, yana jira injin ya tarwatse a filin tsere, duniya ta yi dariya.

Ya kashe motar, ya sallami mutane da sauran laddu a hannunsu, ya ja ƙofa ya ɗauki sifana. Har yau motar nan ba ta taka kwalta ba.