Zobba Uku a Kan Farin Yadi

Na daɗe ina ɗinkin surfani a Kurfi, kuma ban taɓa yarda akwai wadda ta fi ni ido ba. Idan mace ta kawo mini zane a takarda, nakan gyara duk abin da na ga ya karkace ba tare da na tambaye ta ba, kuma yawanci godiya nake sha. Wannan halin nawa ne ya kusa kunyata maƙwabciyata.

Malamar firamare ce, Kirista, katanga ɗaya ta raba mu. Duk Lahadi takan shiga mota zuwa cocinsu a Dutsin-Ma, ta dawo mini da tsarabar soyayyen kifi. Wata rana ta shigo da farin yadi da zaren ruwan gwal, ta ce shimfiɗar teburin coci ake so don wani bikinsu. Matan zumuntarsu sun so a kai aikin Kaduna, ita ce ta kafe a kawo mini. Har wata dattijuwa a cikinsu ta ce Musulma ba za ta ba aikin muhimmanci ba, Malama ta ce ita ta tsaya mini.

Na tambayi maigidana ko in karɓa. Ya ce, "Ɗinki aka kawo maki, ba a ce ki sake kalmar shahada ba."

Zanen yana jikin fallen littafin makaranta: zobba uku, kowanne ya shige cikin ɗan'uwansa. Ina gani na ce wuri ne ya yi wa mai zanen kaɗan, shi ya sa suka cakuɗe. Yadi kuwa ga shi da faɗi. Sai na raba su, na jera su reras, na bar tazarar yatsa huɗu a tsakaninsu. Ni kaina sai da na yaba wa kaina.

Ran Alhamis da yamma Malama ta zo gani. Tana ganin zobban ta fashe da dariya har sai da ta zauna a kan turmi.

"Yaya," ta ce, "ai kin ba mu alloli ukku."

Na ce, "To da nawa ne? Ni duk zamana ukku na ɗauka kuke cewa."

Ta share hawaye ta yi mini bayani. A wurinsu Allah ɗaya ne, amma Uba ne, Ɗa ne, Ruhu Mai Tsarki ne, kuma ba a raba su. Dalilin sarƙe zobban ke nan, in ka ja ɗaya duka za su taso. Na ce mata gaskiya lissafin bai shige ni ba, ni ina nan kan Ƙulhuwallahu. Ta ce ba ta zo karɓe mini ita ba. Amma kunya ta kama ni. Shekara da shekaru muna miƙa wa juna tuwo ta kan katanga, ban taɓa tambayarta abin da ta yi imani da shi ba.

Daga nan dariya ta ƙare, don ran Asabar za ta kai aikin, kuma babu wani yadin. Ta ce a hankali, "In na kai shi haka, tsohuwar nan za ta ce da gangan kika yi mana ba'a." Wannan maganar ta fi komai yi mini zafi.

Muka zauna a gindin dalbejiyar tsakar gida da reza. Ita tana farkewa, ni ina tsince zare, sannan na sake ɗinkin daga farko. Sarƙa zobe a ɗinki ba wasa ba ne, nan ya hau ta sama, can ya bi ta ƙasa, kuma wannan karon ita ke nuna mini ina bi. Da muka gama ran Asabar da hantsi, sai ga sawun allurar tsofaffin zobban a gefe. Zuciyata ta ce in rufe shi da furanni, har na zura zare, sai na tsaya.

"Malama, in sa fure a nan?"

"A'a. Ki dai wanke ki goge."

Na wanke, na goge, sawun ya kwanta, sai wanda ya san wurin zai gane.

Ran Lahadi ta dawo da kifi da wani ƙunshi a leda. Ta ce dattijuwar ta sa tabarau, ta bi zobban da yatsa tana neman inda na fara da inda na ƙare, ba ta samu ba. Ashe kuma Malama ba ta rufa mini asiri ba, ta kwashe labarin kaf ta ba su, suka yi ta dariya. Na buɗe ledar, sai ga mayafin dattijuwar da 'yar takarda mai zanen ganye.

"Ta ce a kawo maki," in ji Malama. "Ta kuma ce ganyen nan a karkace take son shi."