Mai Kaɗa Garamut na Ƙauyenmu

Shekara talatin da huɗu Melkior Kambu yana kaɗa garamut a ƙofar cocin ƙauyenmu, a bakin kogin Sepik. Mahaifinsa ne ya sassaƙa gangar daga gungumen itace guda, ya yi mata kan kada. Fada, limamin cocin, ba ya zuwa sai bayan wata biyu, a kwalekwale mai inji, amma ko ya zo ko bai zo ba, kowace Lahadi Melkior zai ɗauki taɓaryarsa ya buga gangar ya kira mutane.

Shi da matarsa Perpetua ba su haihu ba. Ita 'yar kan dutse ce, babu mai jin yarenta a ƙauyen sai mijinta, shi ma tsinta-tsinta. Su suka riƙi Ignas, ɗan ƙanwar Melkior, tun yana rarrafe.

Bayan rasuwar Perpetua, Ignas ya dawo daga garin Wewak da jita a kafaɗa, ya kafa ƙungiyar addu'ar Ruhu Mai Tsarki. Ana ɗaga hannuwa, ana kuka, ana zubewa ƙasa, ana magana da harsunan da babu mai ji. Melkior bai hana kowa ba. Yakan zauna a bencin baya da carbinsa. Matasa suka laƙaba masa Busasshen Kututture, wai Ruhu ya zagaya kowa ya tsallake shi. In an gaya masa, sai ya ce benci ma itace ne, kuma yana da amfaninsa.

Wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar addu'a, Ignas ya rufe ido ya ɓarke da harshe. Matarsa Rufina, wadda aka ce an ba ta baiwar fassara, ta miƙe tana rawar jiki. Ta ce Ruhu ya yi magana: akwai aljani a cikin kan kadan da ke jikin gangar nan, shi yake sa yara zazzaɓi, kuma yau za a jefa gangar a kogi.

Melkior bai ji rabin abin da ta faɗa ba. Kunnensa na wajen Ignas. Ya san kalmomin nan. Shekara da shekaru yana jinsu kowace yamma a bayan gida, Perpetua na riƙe da ƙwaryar tsakin sago, garin da muke samu daga cikin wani irin dabino, ƙaramin Ignas na riƙe da zanenta.

Ya tashi a hankali, ya dafa benci.

"Ignas, ɗana, aladun gwaggonka Perpetua sun ƙare tun bara waccan. Su wa kake kira?"

Melkior ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba, cewa abin da yaron ke faɗa shi ne: ku zo, ku zo, masu ƙazamin baki, ga abinci. Wata tsohuwa ta toshe baki da gefen riga, kafaɗunta na motsi.

Ignas ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon kawunsa, kamar mai neman tuna inda ya ajiye wani abu. Rufina ce ta riga shi.

"Kun ji ko? Aljanin ne ke magana da bakin tsoho. Kawu, buwai ɗin da kake tauna kamar goro ya cinye maka haƙora, yanzu ya shiga kai."

Suka kewaye shi, suka ɗora masa hannuwa, suna tsawata wa abin da ke cikinsa ya fita. Ya tsaya har suka gaji. Daga nan maza goma sha biyu suka mirgina gangar zuwa gaɓa. Ignas bai sa hannu ba, bai kuma hana ba. Taɓaryar kaɗai Melkior ya koma da ita gida.

Da Fada ya zo, ya saurari kowa, ya ce a yi haƙuri da juna, ya koma kwalekwalensa kafin ruwa ya janye.

Yanzu tsohuwar tukunyar gas ake bugawa ran Lahadi, ƙararta ba ta kai gonakin sago. Mutane da yawa sun daina gaida Melkior, Ignas kuma yakan sake hanya in ya hango shi. Duk da haka, kowace Laraba tsohon yakan zo ya zauna a waje, jikin bangon gora, daidai inda gangar take a da. Rufina ta ce tuba ce ke ja masa ƙafa. Bai musa mata ba. Yakan jira ne kawai Ignas ya rufe ido, don a duk faɗin kogin nan babu sauran inda ake jin yaren Perpetua.