Tsohuwar Dinya da Ƙwaryar Tanko

A gidanmu na unguwar Flatbush, can ƙasar waje, babu tsakar gida, balle a hura wuta a zagaye ta. Abin da muke da shi kicin ne ɗan ƙarami a hawa na uku. Da magariba, in Umma ta sauke tuwo, sai Kaka Yalwa ta ce a bar mata kan murhun gas ɗaya a kunne, ta jawo kujera kusa da shi, ni da ƙanena Sani mu baje a ƙasa. Mahaifiyar Baba ce, daga wani ƙauye na fadamar Haɗeja. Baba, wanda yake aiki a asibiti, shi ya ɗauko ta wajen ƙarshen shekarun saba'in don a duba mata ido. Ido ya warke, amma ci ya gagara. Kajin kanti ta ce ba su da maraba da auduga. Ta rame, kullum maganarta a mayar da ita gida kafin sanyi ya kankama, mu kuwa ba ma so ta tafi.

Wata Asabar muka sauka ƙasan bene wanki ni da ita, muka tarar da maƙwabcinmu Mista Walta, wani baƙar fata direban bas, yana ta yayyaga fararen zannuwa. Kaka ta dafe ƙirji.

"Bilki, likkafani yake yanka. Je ki yi masa ta'aziyya, ki tambaye shi wa ya rasu."

Na je na isar da saƙo da Turanci, murya ƙasa-ƙasa. Mutumin nan ya yi dariya har sai da ya zauna a kan injin wanki. Ya ce babu wanda ya mutu, shirin farautar dinya yake, wato babbar agwagwar daji. Akwai wata farar dinya mai baƙin bakin fiffike da ke saukowa daga ƙasashen ƙanƙara a wannan lokaci, garke-garke, ta faɗa gonakin masarar da aka girbe a bayan gari. Wasu maharba, in ji shi, suna rarrafe ta cikin kwalbati har su matso kusa. Wasu suna laɓewa a hanyar da take bi da asuba su harbe ta a sama. Shi dai ya fi son tsumma. Zai warwatsa fararen ƙyallaye a gona, ya sa fararen kaya ya kwanta a tsakiyarsu yana kwaikwayon kukanta, ita kuma daga sama ta zaci 'yan uwanta ne ke kiwo.

Da na fassara, sai fuskar Kaka ta washe. "Ashe su ma sun san wayo! Ce masa a wajenmu da ƙwarya ake yi, ko harsashi ba a ɓatawa."

Da yamman nan ba sai mun roƙa ba. Ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ku buɗe mata kunne."

"Ta shigo, ga wuri," muka amsa.

Wai akwai wani maharbi, Tanko, da ya zuba manyan ƙore a tafki suna yawo har dinyoyi suka saba da su. Sannan ya huda wa guda idanu, ya kifa a kansa, ya shiga ruwa iya wuya. Dabarar ita ce ya sulala cikin garke, ya kamo ƙafar guda ya ja ta ƙasa shiru. To amma Tanko akwai gaggawa. Iska na kaɗa ƙore gabas, shi ya nufi yamma inda masu ƙiba suke. Wata tsohuwar dinya ta hango shi, ta ce a ranta, yaushe ƙwarya ta fara gardama da iska? Ta san in ta yi ihu yaran za su ce tsufa ne ke damunta. Sai kawai ta tashi fir, ta dira a kan ƙwaryar, ta naɗe ƙafafu.

A nan Kaka ta ɗora kwanon sha a kan Sani. "Maigidana, kai ne Tanko, kar ka motsa."

In Tanko ya miƙo hannu daga cikin ruwa, kowa zai gani. In ya ɗaga kai, asiri ya tonu. Haka ya tsaya, ruwa na ratsa ƙashinsa, matsattsaku na shan jininsa, tsohuwa kuwa tana ta gyaran gashi abinta tana hira da jikoki. Da rana ta yi ja, atishawa ta ƙwace masa. Hatsiii! Ƙwarya ta yi sama, tafki ya watse, Tanko ya koma gida da mura, matarsa ta yi miyar kuka lami.

"Nan ta tsaya, ta naɗe tabarmarta," in ji Kaka. Sani ya yi atishawar ƙarya, kwano ya faɗi, Umma ta leƙo tana faɗa tana dariya.

Na ce, "Kaka, ke bayan wa kike, Tanko ko dinya?"

"In na ƙoshi, dinya," ta ce. Ta juya tana kallon wutar. "Rabona da romonta tun kakanku yana raye."

Baba yana bakin ƙofa, ya ji. Washegari ya ƙwanƙwasa wa Mista Walta, aka yi ta shirye-shiryen takardar izini da aron bindiga. Ranar tafiya aka ce ya zo da fararen kaya, sai ga shi cikin babbar rigarsa ta Sallah a kan rigunan sanyi. Umma ta riƙe baki. Kaka ta ce, "Ka dai yi bisimilla kafin ka harba, kuma ka tafi da wuƙa."

Sun dawo da la'asar. Rigar ta zama kalar laka, hancin Baba ya yi ja. Ya ce tun asuba suke kwance a gona, garke ya yi ta zagaye a sama yana wucewa, har ya fid da rai. Can sai sama ta cika da kuka, suka yi ta saukowa kamar an zazzage buhun auduga, shi kuwa ya shagala da kallo sai da Mista Walta ya zungure shi. Guda ɗaya ya samu, ya ruga ya yanka ta.

Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta auna nauyinta, ta ce, "Sannu, ɗan maharbi." Ita ta fige, ita ta dafa da daddawa da citta da barkono. Aka kira Mista Walta da matarsa. Yana ci yana share gumi yana neman ƙari, shi da Kaka suna gardamar tsumma da ƙwarya, ni ina tsakiya ina fassara da baki cike. Kaka ta cinye kwanonta ta suɗe yatsu. Sai da bazara ta shigo sannan ta koma gida.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan abin dariya kawai. Sai da ɗana ya kai shekarun da ba a faɗa masa magana, ya kwaso wani aboki mai yawan fara'a wanda hankalina bai kwanta da shi ba. Yara na tafiya makaranta, shi yana jan su wani wajen. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna tsohuwar dinyar nan. Na ce a riƙa kawo abokin gida. Duk ranar da ya zo, in zuba masa abinci, in ɗauko ɗinkina in zauna a falon, in yi ta tambayarsa lafiyar iyayensa da yadda karatu ke tafiya. Bai daɗe ba ya gaji ya daina zuwa. Ɗana ya ce, "Mama, wai me kika yi masa?"

Na ce, "Ni? Zama kawai na yi."