Bayan Na Miƙa Makullin Biro

Ni da hannuna na rubuta dokar da ta sauke ni. Lokacin da muka kafa 'yar ƙungiyarmu ta gyaran famfunan ƙauye a Zinder, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ni na nace a rubuta cewa shugaba ba zai wuce wa'adi biyu ba. Da nawa ya cika, mambobi suka zaɓi wata tsohuwar ɗalibata, malamar asibiti. Na miƙa mata makullin biro, wato ofishinmu, da hatimi, aka tafa, na koma gida.

Zaman gida ya gagare ni. Da safe sai in sa riga in hau moto, in ga kaina a ƙofar biro, in wuce kamar wani wuri za ni. In zaga unguwar Birni, in dawo ta Zango, har yanzu hantsi bai dubi ludayi ba. Ko shayi a tsaye nake shan sa.

Wata Talata maigarin wani ƙauye kusa da Dogo ya kira ni, ya ce famfonsu ya kwana huɗu ba ruwa. Ban ce masa na sauka ba. Na kira makanikinmu na ce ya tafi yanzu. Shekara da shekaru yana jin maganata, ya ɗauki kayan aikinsa ya tafi.

Ashe kwamiti ya riga ya tsayar cewa ran nan Hamdara zai je, ya koya wa mata gyaran famfo. Matan suka bar gonakinsu ana tsakiyar noma, suka zauna gindin bishiya har la'asar, ba wanda ya zo.

Washegari sabuwar shugabar ta zo gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, sannan ta zauna a zaure.

"Malam, makaniki ya ce ku kuka aike shi."

"Mutane ba su da ruwa," na ce.

"Na sani. Da kun kira ni, da na nemo musu wani. Yanzu shi kansa bai san maganar wa zai bi ba. Matan Hamdara kuma sun ce ba su sake zuwa."

Raina ya ɓaci. Na so in tuna mata wanda ya koya mata riƙe alƙalami.

"Ba korar ku muke ba, Malam," ta ce. "Ku zo taro ran Asabar. Kuna da ƙuri'a ɗaya, kamar kowa."

Na je, na zauna a bencin baya. Na kawo shawarar a ɗauki makaniki na biyu. Aka tattauna, aka ɗaga hannu, ni da mutum biyu kaɗai muka ɗaga. Sakatare ya rubuta, aka wuce magana ta gaba.

Hamdara kuwa ni na roƙa a tura ni ba da haƙuri. Sai da na je sau biyu kafin matan su yarda da wata rana.

Har yau masu gari na kira na. Ina ba su lambar sabuwar shugabar, in kashe waya. Daga nan sai in kasa zama, in yi ta kai da kawowa a tsakar gida, har maiɗakina ta ce in fita in ba ta wuri ta yi shara.