Shumeka da Tseren Dutse

Shagon nasa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, kuma in ya ware hannuwansa sai ya taɓa bangon nan da wancan. A nan ya yi kusan shekara talatin yana zaune a kan 'yar gajeriyar kujera, ƙarfen ɗora takalmi tsakanin gwiwoyinsa, warin gam da na fata sun kama rigunansa har matarsa ta gaji da ƙorafi. Sana'a ta ba shi sunan Shumeka, amma 'yan layin da suka san halinsa Me-ya-sa suke ce masa, don ba ya karɓar abu yadda ya zo sai ya ji dalili.

Halin nan ne ma ya jefa shi sana'ar. Yana yaro, yayansa ya sayi sabon takalmi mai kuka in ana tafiya, shi kuwa ya samu reza ya farke ƙasan don ya ga abin da ke kukan. Bai ga komai ba sai kwali da gam. Bayan ya sha duka aka aike shi da takalmin wurin mai gyara, ya tsuguna yana kallon yadda basilla ke shiga tana fita da zare, har rana ta yi sanyi. Daga ranar bai sake son wani aiki ba.

Ya haura hamsin, yara sun girma sun kama gabansu, tumbi ya fara leƙowa, sa'ad da wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a saman benen ta fara kawo masa kambas ɗinta. Kowa Sista yake ce mata. Siririya ce, mai saurin tafiya, ba ta fi sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda takalmin ke mutuwa. Na masu aikin asibiti a dunduniya yake cinyewa, nata kuwa gefe-gefe yake yagewa, ga jan laka a cikin zanen ƙasansa, ga ƙaya.

"Sista, ba sa ido nake miki ba," in ji shi, yana cire wata ƙaya da bakin basilla. "Asibitin naku ƙaya aka shimfiɗa a ciki?"

Ta yi dariya. "Baba, ba a asibiti nake kashe shi ba. Gudu nake yi a duwatsun nan na bayan tankin ruwa."

"Wa ke bin ki?"

"Ba kowa."

"To ke wa kike bi?"

Sai da ta zauna a bencin baƙi don dariya. Sannan ta yi masa bayani cewa akwai tseren da ake yi shekara-shekara, fiye da kilomita arba'in, ba a kan kwalta ba, a kan siraran hanyoyin ƙafa da ke hawa duwatsu suna gangarawa. Shiri take yi. Wasu ranaku ta yi gudu, wasu ranaku ta hau keke ta yi nisa, don zuciya da huhu su ci gaba da aiki, gwiwa kuma ta huta daga dukan ƙasa.

Ya tambaye ta me ake ba wanda ya ci. Ta ce ita ba ta taɓa kusantar ci ba, balle ta sani. Ya ce to me take nema a can.

Ta ce, "Akwai wani wuri, Baba, bayan ka yi awoyi kana tafe, da jiki zai ce maka ya gama, ba sauran komai. Kuma sai ka ga akwai saura. Ban san yadda zan kwatanta maka ba, sai wanda ya je."

Maganar nan ta hana shi sakat. Shi a iya saninsa, in abu ya ƙare ya ƙare. In gam ya ƙare a gwangwani, duk yadda ka karkata shi ba ya ɗiga. Ina jiki ke ɓoye sauran? Ya tambayi mai aski, mai aski ya ce ƙoshi ne ke damun mutanen yanzu. Ya tambayi matarsa, ta ɗago daga keken ɗinkinta ta dube shi ta saman tabarau.

"Maigida, na san kallon nan. Shi ka yi kafin ka kwance min agogon bango."

"Tambaya kawai na yi, Maman yara."

"Shi ma agogon da tambaya ka fara."

Ranar hutunsa da sassafe ya hau tsohon kekensa, wanda yake zuwa shago da shi, ya nufi tankin ruwa. Ya tarar da Sista da wasu mutum huɗu suna miƙe ƙafafu. Ya ce kallo ya zo. Ya bi su a keke iya inda hanya ta yarda, daga nan ya jingina shi a gindin wata bishiya, ya naɗe ƙafar wando ya ce bari ya ɗanɗana. Bai kai kwanar hanya ta farko ba numfashi ya ƙwace masa, bakinsa ya yi ɗaci kamar ya tauna ƙusa. Ya dafa gwiwa yana haki, amma ko a hakan sai da ya lura cewa cinyarsa ta hagu ta fi ta dama rawa, ya fara tunanin ko zaman kujera ne ya jawo.

Sista ba ta yarda ya ci gaba ba sai da ta kai shi aka auna jininsa aka saurari ƙirjinsa. Da likita ya ce ba laifi in dai a hankali ne, ta kafa masa doka guda: kada ya yi gudun da ba zai iya magana a cikinsa ba. Wannan ta yi masa daidai, don dama ba ya rasa abin tambaya. Haka ya koyi cewa a hawa mai tsauri tafiya ake yi, hannu a kan cinya, ba abin kunya ba ne. A gangara kuma gajerun taku, ido a can gaba kaɗan, ba a kan yatsu ba. Ya koyi shan ruwa tun ƙishi bai zo ba, da cin ayaba yana tafe. Farcen babban yatsansa ya yi baƙi ya faɗi, ya ɗauke shi yana juyawa a tafin hannu har matarsa ta ce in bai jefar ba ita za ta bar masa ɗakin.

Ba duk dabararsa ce ta yi aiki ba. Da ya ga duwatsu na cin takalmi, ya yanko tsohuwar tayar mota ya manna a ƙasan kambas ɗinsa, ya ɗinke da zare mai kauri, yana cewa wannan sai jikoki sun gada. Takalmin ya yi nauyi kamar tubali, ba ya lanƙwasa. Sati biyu yana jan sa, gwiwarsa ta dama ta kumbura ta yi suntum.

"Baba, a shago kai ne babba," in ji Sista tana latsa gwiwar. "Amma wannan karon ka ɗinka wa kanka ciwo. Ka ajiye gudu, ka koma keke."

Ya ɗauka koma baya ne, ashe a keken zai san abin da ake kira juriya. Ya gyara birki, ya sa wa sarƙa mai, ya ɗaga sirdi kamar yadda aka nuna masa. Yakan fita bayan sallar asuba ya bi titin da ke zagaye duwatsun, ya wuce gonaki da wata tsohuwar masana'anta da aka rufe, ya dawo hantsi ya dubi ludayi. Ya lura cewa rabin awar farko kullum jiki gardama yake yi, daga nan sai ya saki, numfashi da feda su daidaita, har ya manta yana tuƙi. Da gwiwa ta saɓe ya koma dutse, sai ya ga hawan da ke tsayar da shi da can yanzu yana wuce shi yana hira. Ya yi mamaki ƙwarai: ƙafa ba ta taka dutsen ba tsawon wata guda, amma ta dawo ta fi da ƙarfi.

Ranar tsere aka maƙala masa lamba a ƙirji. Ya duba hagu da dama, furfurarsa ta fi ta kowa. Aka busa usur, matasa suka zuba a guje, Sista ta ɗaga masa hannu ta ɓace a cikin taro. Shi ya riƙe ɗan gudunsa na mai magana. Rabin farko ya tafi lafiya, har ya wuce wasu da suka fara da zafi suka zube a inuwa.

Bayan rana ta take, a wani hawa mai tsakuwa, abin ya same shi. Ba zafi ba ne, don zafi ya saba da shi. Ji ya yi kamar an zare masa wani abu daga ciki, ƙafafu suka zama na aro. Sai fushi ya taso masa ba dalili. Ya ji haushin tsakuwa, ya ji haushin Sista, ya ji haushin yayansa da ya rasu shekaru da yawa. Daga nan hawaye suka zubo, shi da ko a jana'iza ba ya kuka. Ya zauna a kan wani dutse, ya lashi gishirin da ya ƙulle a leda, ya kurɓi ruwa. Can wani sashe na zuciyarsa ya ce, to ga wurin, ka zo. Ya miƙe don ya ga ko da gaske akwai saura. Ya ce wa kansa iyakarsa waccan bishiyar. Da ya kai, ya zaɓi wata. Akwai sauran, ba yawa, amma duk lokacin da ya nema sai ya samu ɗan abin da zai kai shi bishiya ta gaba.

Bai isa ba dai. A wurin shan ruwa na ƙarshe wani ma'aikacin tseren ya tare shi da ladabi. "Baba, ka yi ƙoƙari, amma lokacin wucewa nan ya ƙare. Ga mota can."

A cikin motar akwai mutum shida da aka tsayar, kowa ya sunkuyar da kai. Shumeka ya zauna, ya huta kaɗan, sannan ya taɓa kafaɗar na kusa da shi.

"Ɗana, kai da abin ya zo maka, me ka ji?"

Mutumin ya dube shi kamar zai yi faɗa, sai kuma ya ce shi ƙanshin ɗakin kakarsa ya riƙa ji. Wata mata a baya ta ce ita lissafi ne ya ƙwace mata, ta kasa tuna shekarun ɗanta. Wani ya ce shi rantsuwa ya yi ta yi cewa ba zai ƙara ba. Kafin motar ta sauko gari ana ta dariya, har direba ya sa baki.

A gida matarsa ta zuba masa ruwan ɗumi a baho, ta zauna tana kallon ƙafafunsa da suka yi bororo.

"An gama ke nan, ko?"

"An tsayar da ni ne, Maman yara. Ban ga ƙarshen sauran ba."

Bayan kwana biyu ya tarar ta ɗinka masa 'yar riga marar hannu, mai aljihu biyu a ƙirji daidai gorar ruwa, don ta gaji da ganinsa yana riƙe gora a hannu kamar mai zuwa ban ɗaki.

Kafin shekara ta zagayo aka yi wa Sista canjin wurin aiki zuwa wani gari, ya ci gaba da shiri da sauran abokan gudun. A tsere na biyu ya ƙarasa, cikin na ƙarshe-ƙarshe, masu shirya taro sun fara naɗe igiyoyi. Mai aski, wanda ya rufe shago ya zo wai don ya ɗauko gawa, shi ya fi kowa tafi.

Kwana uku bayan haka bai iya sauka daga matakalar gidansu ta gaba ba, sai da baya, yana riƙe da bango, maƙwabta na leƙe ta taga. Ya kira Sista a waya ya ba ta labari, ta ce naman gaban cinya ne, shi ke yi wa jiki birki a gangara, shi ya sa ya fi shan wuya. Ya ce ta dakata ya zauna, ta sake faɗa masa daga farko. Da suka gama ya tura kekensa a hankali zuwa shago, don akwai takalman makaranta na 'yan biyun mai gyaran waya da ya yi alkawarin gamawa kafin azahar.