Bindigar Katakon Maigidana

Maigidana kafinta ne, kuma a Tudun Fulani babu wanda bai san shi ba. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakansa Minna, ya zauna yana gyaran kujeru da tagogi, sana'ar ta bi jini har ta iso kansa. Rabin ƙofofin layinmu aikin hannunsa ne. Makarar masallacinmu shi ya haɗa ta, bencinan da ake fitarwa ranar suna ko zaman makoki shi ya buga su. Na fara da wannan ne don wanda zai ji abin da aka yi masa ya san ba baƙo aka yi wa ba.

Shekarar da ya haura hamsin jininsa ya hau. Likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce a rage gishiri, a sha magani, a motsa jiki kullum, in ba haka ba wata rana a kwance za a kawo shi. Gishiri a hannuna yake, na rage. Magani ni nake zuba masa a tafin hannu in tsaya har ya haɗiye. Motsa jikin ne ya gagare mu. Ya gwada fita da safe kwana kaɗan, ya dawo yana ƙunƙuni.

Ya ce, "Hajiya, ni ba zan iya yawo babu inda za ni ba. Duk wanda na gamu da shi sai ya tambaye ni ko akuyata ce ta ɓata."

Haka muka yi ta fama, ina faɗa yana kau da kai, tumbi yana ƙara fitowa, tsoro yana cina. Sai wata Lahadi da aka kawo wuta, yana laluben tashoshi a satalayit, ya faɗa kan wani wasa na ƙasashen sanyi. Bayatalon suke ce masa, amma a gidanmu gudu-da-harbi ne sunansa. Mutane ne a kan ƙanƙara fari fat, sun ɗaura siraran filankai a ƙafa, sanda biyu a hannu, bindiga goye a baya. Su yi ta sulu suna hawa tudu suna gangarowa har numfashi ya kusa ƙare musu, sannan su iso wani fili su kwanta rub-da-ciki su harbi baƙaƙen ɗigo guda biyar. Su tashi su sake gudu, su dawo su harba a tsaye. Duk ɗigon da mutum ya kuskure, sai ya shiga wani ɗan da'ira ya yi zagayen horo, abokan takararsa suna wuce shi yana kallo.

Ni sanyin kawai na gani na ji tausayinsu. Shi kuwa matsawa ya yi har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya ce in dubi gindin bindigar. Katako ne, kuma kowa da irin nasa, an sassaƙa shi daidai kafaɗar mai shi da kuncinsa. Ya ce, "Wannan ai aikin kafinta ne." Daga ranar wasan ya shiga ransa.

Ba ya jin yaren masu sharhin, amma kafin lokacin wasan ya wuce ya haddace fuskoki. Yana ba ni labarinsu kamar 'ya'yan maƙwabta. Akwai wani mai gudu kamar iska wanda in ya zo harbin tsaye sai hannunsa ya ci amanarsa, maigidana ya yi ta yi masa faɗa daga kan tabarma. Akwai wata da ta ajiye wasan tana kan ganiyarta, ya wuni yana jimami har na tambaye shi ko gaisuwa za mu je. Wanda ya fi so shi ne wani dattijo a cikinsu, sa'annin da suka fara tare duk sun koma gida, shi ya ƙi ajiyewa, yana fafatawa da yaran da ya kusa haifa. In ya zo harbi maigidana har numfashinsa yake riƙewa.

Wata rana ya ce mini, "Kin san abin da ya burge ni? Zuciyar mutumin nan dukan uku-uku take yi, amma sai ya ce mata ta dakata, ta kuma dakata. Ni ma abin da likita yake nema a wurina ke nan."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai da na gan shi ya shigo da guntun maɗaci mai kyau. Ya sassaƙa bindiga daidai kafaɗarsa, ya cusa rodi a ciki don ta yi nauyi, ya ɗaura mata igiyoyin tsohuwar jakar makaranta. Ƙusa ya kafa a baki a matsayin saiti, kunamar kuma 'yar sakatar taga ce mai ƙara ƙas. Babu rami, babu harsashi, ko tsakuwa ba ta jefawa. Na ce ya shafa mata fenti ruwan ɗorawa don kowa ya san abin wasa ne. Ya dube ni kamar na ce ya zuba suga a miyar kuka. Ya ce ba a rufe maɗaci da fenti. Ya goge ta, ya shafa mata banish, ta fito tana sheƙi.

A bayan unguwarmu, wajen duwatsun da ke kallon Bosso, akwai gonar wata maƙwabciyarmu, dattijuwa Kirista da danginta suke Paiko, wadda kowa ke kira Mama. Ta kwashe doyarta, fili ya zauna haka nan. Ya roƙe ta, ta ce ya je ya yi ta yi. Ya kafa filanki a jikin dutse, ya buga marafan gwangwanin fenti guda biyar. Kullum bayan gari ya waye sai ya sa bindigar a buhu ya ratsa layi, in ya isa gona ya goya ta, ya yi sassarfa ya kewaye duwatsu, ya dawo ya kwanta yana haki ya saita. In ƙusar ta kauce daga marfi lokacin da sakata ta yi ƙas, ya kuskure ke nan, sai ya tashi ya zagaya bishiyar kashu. Shi ne ɗan wasa, shi ne alƙali, kuma ban taɓa ganin mugun alƙali irinsa ba. Wata rana ya dawo jiƙe sharkaf ya ce mini duka biyar ɗin ya kuskure.

Na yi masa dariya, na yi masa tsiya, har dattijon ƙanƙara nake kiransa a cikin ɗaki. Amma tumbin ya faɗa. Ciwon kan da yake tashi da shi ya tafi. Da muka koma asibiti likita ya auna shi, ya sake aunawa, ya ce ko me yake yi kada ya kuskura ya bari. Ranar na dawo gida raina fes, na yi mana dambun shinkafa.

Sai maƙwabcinmu na jikin katanga ya gan shi. Alhaji ne mai sayar da kayan gyaran babur, mutumin da ta saman katanga yake miƙo hannu ya ari guduma. Ya je duba wani fili da yake son saye, ya hango mutum kwance da bindiga. Bai yi sallama ba, bai kira sunansa ba, bai jira ya dawo gida ya tambaye shi ba. Ya laɓe a bayan dutse ya ɗauke shi a waya, ya tura zauren hirar 'yan unguwa na waya da muryarsa a kai, wai jama'a a lura, ana koyon harbi a bayan gari.

Na san halin da ake ciki. Ina ganin mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka koro suna shigowa gari da tabarmi a ka, kuma ni ma gabana yana faɗuwa in na ji ƙarar babura da yawa. Ban ce kada kowa ya ji tsoro ba. Abin da yake ƙona mini rai shi ne fuskar maigidana ta fito tar a hoton nan, har furfurar gemunsa. Duk wanda ya kalla ya gane shi. Mutanen da suke sahu ɗaya da shi a masallaci suka yi ta tura wa juna, babu ko ɗaya da ya tako ƙofar gidanmu ya ce, Malam, me ke nan?

Da hantsi 'yan banga suka je shagonsa. Suka tasa shi a gaba a ƙafa, ɗaya ya ɗaga bindigar sama kamar an kamo kura, yara na biye. Mama ce ta shigo tana kirana. Na zura hijabi a bai-bai na bi su ƙofar gidan mai unguwa, na tarar an cika.

Mai unguwa yana karɓar bindigar ya san katako ce. Ya ƙwanƙwasa, ya leƙa bakin ya ga babu rami, ya taɓa sakatar taga ta yi ƙas. A nan ya kamata magana ta ƙare, a ba mutum haƙuri ya koma shagonsa. Amma taro ya riga ya taru, kuma ba a son a watse ba a ga komai ba.

Maigidana ya yi bayani a natse. Ya ce likita ne ya sa shi motsa jiki, wannan kuma kwaikwayon wani wasa ne da ake yi a kan ƙanƙara.

Wani daga baya ya ce, "Ƙanƙara a Minna? A wannan zafin?" Aka kwashe da dariya.

Shugaban 'yan bangar ya ce, "To Baba, nuna mana yadda ake yi, mu tabbatar."

Na ce ba zai yi ba. Mai unguwa ya ce, "Hajiya, ki bari a gama a wuce wurin." Maigidana ya dube ni, ya girgiza kai alamar in yi shiru. Ya goya bindigar. Mutum mai jikoki ya yi sassarfa ya zagaya ƙofar gidan mai unguwa, ya dawo ya kwanta rub-da-ciki a ƙasa a gaban surukinsa da mutanen da ya koya wa riƙe zarto. Wayoyi suka tashi sama. Sakata ta yi ƙas, wani ya dafe ƙirji ya faɗi da gangan, aka sake fashewa. Ban taɓa jin na tsani mutane ba irin ranar.

Mama kaɗai ta buɗe baki. Ta ratso taron ta ce, "Ku ba ya jin kunya? Gona na ne, ni ne ya ba shi. Wannan mutum shi ya yi kofan gidan ku duka. Kai Alhaji, ka gan shi, bakin ka ya yi ciwo ne da ba ka tambaya ba?"

Alhaji ya ce shi don tsaron kowa ya yi, kuma ai ga shi an gane gaskiya, ba a cuci kowa ba. Mai unguwa ya yanke cewa babu laifi, amma bindiga za ta zauna a wurinsa, gudun bayan gari kuma a haƙura da shi, lokacin ba na haka ba ne. Aka yi addu'a aka shafa. Babu wanda ya ce wa maigidana yi haƙuri.

Ya dawo gida ya yi wanka, ya shige ɗaki. Hoton kwanciyarsa ya fi na farkon yawo. Har 'yar'uwata da ke Fadikpe sai da aka tura mata, wadda ta tura ba ta ma san mijina ba ne. Yara suka sa masa sojan ƙanƙara. Manya kuma, waɗanda ya kamata su tsawatar, su ne masu ce masa, "Malam, yau babu atisaye?" suna murmushi, wai su wasa suke yi.

Na yi iya yina. Na ce ya bar bindiga, ya fito mu taka tare ni da shi. Mun fita sau ɗaya, kafin mu kai bakin titi wani mai shayi ya ƙame ya sara masa. Ya juya muka koma. Na ce to ya zagaya tsakar gida, ya ce shi ba ɗan kaza ba ne. Da lokacin wasan ya sake zagayowa na kamo masa tashar da hannuna, na ce ga dattijonsa can ko ya ajiye ko yana nan, ya zo ya gani. Ya ce in kashe. Na roƙe shi, na yi fushi, na yi kuka, na haɗa shi da likita. Mutumin da aka kwantar a ƙasa a gaban unguwarsa ba ya jin irin wannan magana. Maganinsa yana sha, gishiri ban ƙara ba, amma tumbi ya dawo, ciwon kai ya dawo.

Wata safiya yana yankan katako zarto ya suɓuce daga hannunsa. A kwance aka kai shi. Allah ya bar mana shi, amma ɓarin hagu ya tafi, harshe ya yi nauyi, sai na kasa kunne sosai nake gane abin da yake faɗa.

Da aka sallamo mu unguwa ta yi ta zuwa dubiya, har da Alhaji, da ledar lemu a hannu. Ya zauna kusa da katifa ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya gyara zama ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam. Amma ka san irin wannan ciwo motsa jiki yake so. Da ka riƙa ɗan fita da safe, da bai kai haka ba."

Maigidana ya dube shi. Leɓensa ya motsa, maganar ta ƙi fita. Ina tsaye da tiren ruwa a hannu. Na ajiye shi a ƙasa, na ce, "Alhaji, tashi ka fita." Tunda nake ban taɓa faɗa wa baƙo haka ba. Ya tsaya yana kallona, na maimaita masa, na miƙa masa lemunsa.

An ce na yi rashin ɗa'a. Matar mai unguwa ta zo har ɗaki ta ce maƙwabtaka ta fi gaban haka, in daure in je in ba shi haƙuri. Ban je ba, kuma ba ni da niyya. Kullum da hantsi nakan shiga ƙarƙashin kafaɗar maigidana ta hagu, mu taka daga ɗaki zuwa bakin rijiya, ya huta, mu dawo. Iyakar motsa jikinsa ke nan yanzu.