Malama Liyatu, Wadda Aka Ce Ta Matsa Daga Hoto

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, ina tsaye a filin makarantarmu a Gella wani direban bas ya leƙo ya ce mini kin rasu a Mubi da hantsi, bayan jinyar wata biyu. Malama Liyatu Zira, mun karɓi hukuncin Ubangiji. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne abin da na ji a bakin kabarinki.

A 1978 kika zo makarantarmu da takardar shaidar koyar da wasanni, ke kaɗai ke da ita a cikin malamai duka. Shugaban makaranta ya juya takardar gaba da baya, ya ce usur bai dace da bakin mace ba, ya tura ki ajin ɗinki. Kula da wasanni kuwa ya damƙa wa Malam Ezekiya, mutumin da in ya tako daga ofis zuwa fili sai ya nemi inuwa ya huta. Cancantarsa ɗaya ce, yana sa wando.

Ba ki yi gardama ba. Da asuba kike tara mu a yashin mayo, wato rafin garinmu, mu goma sha ɗaya, ƙafa ba takalmi, ki koya mana gudun miƙa sanda da karan dawa. Filin makaranta na maza ne, mu sai ranar shara muke taka shi. Da Baffa Sajo na Wuro Patuji ya hana 'yarsa Dijatu fitowa, sau uku kina zuwa rugarsa a ƙafa. A na ukun ya ce, "Malama, me mace za ta samu a gudu?" Kika ce, "Baffa, wa ke tare maka maruƙa in sun balle?" Ya yi dariya, ya ce ta je, amma da dogon wando. Ke kika ɗinka mata shi, a ajin da aka jefa ki.

A 1983 muka je gasa a Yola. Sunanki ba ya cikin takardar tafiya, don an ce motar makaranta ta cika. Kika biyo mu a bayan motar shanu, kika iso da ƙura har gira, kika zauna kina murza mana ƙafafu. Muka ci kofi. Da mai hoto ya zo, Malam Ezekiya ya rungume kofin kamar shi ya haife shi, ya dube ki ya ce, "Malama, ɗan matsa gefe, ki riƙe wa yara jakunkuna." Kika matsa. Ni ce na fashe da kuka, kika ja ni gefe kika ce, "Salomi, share fuskarki. Ƙafarki ta san wanda ya koya mata."

A bayan wannan kofin aka ƙara wa Malam Ezekiya girma. Ke kuwa duk lokacin da kika nemi kujerar kula da wasanni, sai a samo dalili. Da farko an ce za ki yi aure ki tafi. Da kika yi aure ba ki tafi ba, aka ce haihuwa za ta hana ki. Da kika goyi 'yarki Margret kika ci gaba da zuwa mayo, aka ce 'yan maza ba za su ji maganarki ba. Ƙarshe aka ɗauko wanda ke kika koya masa yadda ake auna fili, aka ɗora shi a kanki, kina gaishe shi da ranka ya daɗe.

Ranar jana'iza sai ga Malam Ezekiya da babbar riga, ya karɓi magana ba a ba shi ba. Ya ce ke ce hannun damansa. Ya ce ke mace ce mai kamar maza, yana goge idon da ba ruwa a ciki. Kamar waɗanne maza? Kamar wanda bai san zagaye nawa ne mita ɗari takwas ba? Da ya gama ya miƙo mini hannu, ya ce, "Salomi, mun yi rashi." Na ce, "Malam, wata biyu tana kwance, tsakanin gidanka da nata ba nisa." Ya waiga yana neman wanda zai gaisa da shi.

Na san da kina nan za ki ce in yi shiru. Ki gafarta mini, Malama, wannan darasin naki ne kaɗai ban iya ba.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutu a wurin da ba a tambayar mace ce ko namiji kafin a biya lada. Ya ba mijinki Malam Kalibu, da Margret, da dangi na Michika haƙurin wannan rashi. Ina kuma yi wa Dijatu da sauran 'yan mayo ta'aziyya. Su Malam Ezekiya kuwa ban yi musu ba. Ba su yi rashi ba, mai yi musu aiki ce ta tafi.

Salomi Kwaji, Gella